Gyaran Amfilifaya Ko Gyaran Gangar Auzinawa?

Rigimarmu ta wannan makon da masu gyaran kayan sauti ce, da kuma masu kai musu gyaran. Duk wanda ke zuwa tarukan ƙaddamar da littafi, ko walima, ko tafsirin azumi, ya san yadda abin ke faruwa. Ana tsaka da jawabi sai lasifikokin ɓangare ɗaya su yi gum, rabin jama'a su koma kallon bakin mai magana. Washegari a kinkimi amfilifaya a kai shago. Mai gyara ya buɗe, ya shinshina, ya ciro taransistocin da suka ƙone, ya liƙa sababbi, ya karɓi kuɗinsa. Bayan mako biyu ɓangaren nan ya sake tashi da hayaƙi, a ce ai wutar nepa ce. Mu dai ba mu yarda ba. Taransistar da ta ƙone gawa ce, kuma wanda ya binne gawa bai tambayi abin da ya kashe ta ba, to ya shirya haƙa wani kabarin.

Babbar amfilifaya irin ta taro inji biyu ne a akwati ɗaya. Ɓangaren A da ɓangaren B tagwaye ne, kayansu iri ɗaya, kuma a yawancinsu taransifoma ɗaya ke ba su wuta. Wannan gata ne babba ga mai gyara, domin idan ɗaya ya mutu, ɗan'uwansa mai lafiya yana nan a matsayin ma'auni. Duk abin da mita ta nuna a wannan, a je a gwada a wancan, inda suka saɓa nan cutar take. Mai gyaran da yake da shaida irin wannan a gabansa amma ya zaɓi canke, ba shi da uzuri.

Aikin ma tun kafin a kwance noti yake farawa. A musanya wayoyin da ke kawo sauti daga miksa, na A ya koma B, na B ya koma A. In shirun ya bi waya ya koma ɗaya ɓangaren, amfilifaya lafiyarta ƙalau, laifin na waya ne ko na miksa. In bai bi ba, a musanya wayoyin lasifika. A duba maɓallan baya, ko wani ya tura na haɗe ɓangarorin biyu bai sani ba. Wannan gwajin bai kai minti biyar ba, amma injuna nawa aka farke wa ciki alhali waya ce ta tsinke a bakin fulogi?

In ta tabbata ciwon na ciki ne, a cire wuta, sannan a sauke cajin manyan kafasitoci ta hanyar razista. Layukan wutar irin waɗannan injuna kan kai bolt 60 zuwa 100 a kowane gefe, kuma kafasita tana riƙe caji bayan an kashe inji. Sai a duba fiyus. A nan ne muke da babbar ƙara. Akwai masu ganin fiyus ya tsinke su naɗa masa zaren waya ko takardar gwangwanin sigari, su ce sun gyara. Fiyus mai gadi ne, an ajiye shi ne ya mutu domin taransifoma ta rayu. Wanda ya ɗaure shi da waya ya kori mai gadi ya bar ƙofa a buɗe, kuma garin neman gira zai rasa ido.

Daga nan sai awo. Taransista mai lafiya, in aka sa mita a ma'aunin dayod, tana nuna kusan bolt 0.5 zuwa 0.7 ta fuska ɗaya, ta ɗaya fuskar kuma ba ta nuna komai. Wadda ta haɗe a ciki kan nuna sifili. Amma gano ta somin-taɓi ne. Manyan taransistocin fitar da sauti a jere suke aiki, kowacce da ƙaramar razistarta ta om 0.22 ko 0.33 ko 0.47 da ke raba musu kaya daidai. Idan babba ta haɗe, takan ja razistarta ta yanke, ta kuma mayar da wuta baya ta ƙona ƙananan taransistocin da ke tuƙa ta. Wani lokacin ma daga can ƙasa cutar ta faro, wato taransistar da ke manne da ƙarfen shan zafi tana daidaita ɗan abin da manyan ke ja in suna hutawa. In ta lalace, ko ta saki daga jikin ƙarfen, zafi zai ƙara jan wuta, jan wuta ya ƙara zafi, har komai ya narke. Ka zuba sababbin taransistoci takwas a kan wannan, ka kashe maciji ne ba ka sare kansa ba.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne yadda ake kunna inji bayan gyara, a soka shi kai tsaye a soket, da lasifikar mai kaya a jone, a ja da baya ana jiran ikon Allah. Alhali akwai dabara mai arahar gaske. A jera ƙwan fitila mai zare, na wat 60 ko 100, a kan layin wutar da ke shiga injin. In ƙwan ya yi haske ya dushe, kafasitoci ne suka sha caji, alamar lafiya. In ya tsaya da haske tarwai, har yanzu akwai inda wuta ke haɗewa, kuma ƙwan ya tare ɓarnar kafin sababbin kaya su ƙone. Ƙwan LED ba ya wannan aikin, kuma dabarar ta fi dacewa da injuna masu babbar taransifoma. Bayan haka, ba tare da lasifika ba, a auna bakin fitar sauti. Ya kamata a ga abin da bai wuce milibolt 50 ba na tsayayyiyar wuta, wato DC. In aka ga bolt hamsin, wannan wutar za ta dafa koyil ɗin lasifika cikin daƙiƙoƙi. Fitilar PROTECT da wasu ke tsallakewa da guntun waya don inji ya yi magana, wannan bala'in take tarewa.

Ba kowane shiru ne ma na taransista ba. Ku ɗauki Peavey CS-800, tsohuwar amfilifayar Amurka da aka fara ƙerawa tun shekarun 1970, mai ba da wat 400 kowane ɓangare a kan om 4. A bakin fitar sautinta akwai wani ƙaramin abu da ake kira tirayak, aikinsa in ya ji DC ya haɗe bakin da ƙasa domin lasifika ta tsira. Sau da yawa in ya yi wannan aikin yakan mutu a haɗe. Wanda bai san da shi ba zai canja taransistoci sau uku, ɓangaren na nan a shaƙe. A wasu injunan kuwa bakin rile ne ya yi datti, ko maɓallin ƙara murya ya sha ƙura, ko dalma ta tsage a ƙafar wani abu saboda jijjigar hanya. Duka waɗannan gyaran 'yan mintuna ne ga mai awo, asarar dubbai ga mai canke.

Sai maganar jabu. Taransistoci irin 2SC5200 da 2SA1943 na Toshiba an yi su ne su ɗauki amfiya 15 da wat 150, kuma suna cikin waɗanda aka fi kwaikwayo a duniya. Jabun lambarta ɗaya da ta gaske, amma in ka fasa ta, ƙwayar cikinta 'yar mitsitsiya ce. Za ta yi waƙa a shago da murya ƙasa-ƙasa, ta mutu a filin taro. Mai gyaran da ya sa jabu ya karɓi kuɗin ta gaske ya ci amana. Mai kayan da ya ce a sa masa mai araha, shi ma ya san araha ba ta ado.

Mun san abin da masu gyara za su ce, kuma suna da gaskiya a wani wajen. Ba ɓera kaɗai ke da laifi ba, daddawa ma da wari. Lasifika biyu masu om 8 in aka jona su baki ɗaya sun zama om 4, huɗu kuwa om 2. Daga 4 zuwa 2 wutar da injin zai tura ta ninka, kuma injuna da yawa om 4 ne iyakarsu, a rubuce a bayansu. Amma mai haya zai rataya lasifika shida a ɓangare ɗaya, ya murɗa har jar fitilar CLIP ta daina ƙiftawa ta zauna daram, fanka ta toshe da ƙurar hunturu, janareta na hawa da sauka. Sannan ya kawo gyara da azahar ya ce da la'asar yake da biki. Wannan duk gaskiya ne. Sai dai bai wanke mai gyara ba, domin faɗa wa mai kaya abin da ya kashe injinsa yana cikin gyaran. In kuma an ce babu kuɗin manyan na'urorin gwaji, duk abin da muka lissafa mita ɗaya da ƙwan fitila ɗaya yake buƙata.

Don haka duk wanda aka wakilta ya kai amfilifayar masallaci, ko ta makaranta, ko ta ƙungiya gyara, kada ya karɓa sai ya yi tambaya huɗu. Me ya ƙona ta? Ina kayan da aka cire? Nawa mita ta nuna a bakin lasifika, kuma ya yi daidai da ɗaya ɓangaren? An bar ta ta yi aiki da kaya a kanta har ta ɗauki zafi? Gwani zai amsa da fara'a, har ya jawo mita ya nuna maka. Wanda ya ɓata rai kuwa, ka ɗauki injinka ka nemi wani shagon, kuɗin jama'a ne a hannunka.

Akwai masu wannan sana'a a cikinmu. In kuna ganin mun zalunce ku, fili naku ne, amma ku zo da awo. Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.