Bindigar haɗe-haɗe: wa take kashewa da farko?

Jama'a, a ƴan shekarun nan duk wanda yake bin kasuwannin Tasawa da Mayahi ya san wata hira da ake yi ƙasa-ƙasa a rumfunan ƴan hatsi da ƴan dabbobi. Wane ya mallaki ƙaramar bindiga, wane yana neman mai sayarwa. Dalili a fili yake. Tun 2019 ƴan bindigar Zamfara da Katsina da Sakkwato suka koro dubun dubatar mutane zuwa jihar Maradi, satar shanu da satar mutane suka addabi Madarumfa da Gidan Rumji. Mu nan gabas abin bai kai haka ba, alhamdu lillahi, amma ɗan kasuwar da ke ɗauke da kuɗi a aljihu daga Korgom ko Hawandawaki zuwa kasuwannin bakin iyaka ya san irin fargabar da yake tafiya da ita. A can Katsina ma, a 2021 gwamna Aminu Masari da bakinsa ya ce jama'a su nemi makamai su kare kansu, kuma maganar ta tsallako har nan.

To, wace irin bindiga ce talaka yake samu? Ba ta kamfani ba ce. Galibi libarba ce ta haɗe-haɗe: gangar da ke juyawa daga wata tsohuwar bindiga, bututu daga wata, ko ma ƙarfen famfo, sauran kuma aikin maƙeri da mai walda. Ba raina maƙeranmu nake yi ba, su suka ƙera bindigar toka da kakanninmu maharba suka ci abinci da ita. Amma albarushin gargajiya daban, na cikin harsashin bature daban. Na zamani matsin da yake bugawa a cikin ƙarfe ya ninka na gargajiya nesa ba kusa ba. Ƙarfen da ya jure wancan shekara ashirin yana iya tsagewa a harbi ɗaya da wannan.

Wani mai saurare ya taɓa bugo mini waya a shirinmu na rediyo yana cewa ai harsashi harsashi ne, in dai ya shiga rami shi ke nan. Na tabbata mutane da yawa haka suka ɗauka, don haka bari in tsaya a nan.

Akwai harsasai biyu na libarba da suka shahara a duniya, .38 Special da .357 Magnum. Kaurin dalmarsu ɗaya ne. Amma na biyun, wanda ya fito a Amurka a 1935, matsinsa ya kai kusan ninki biyu na na farkon. Masu kamfani sun san haɗarin, shi ya sa da gangan suka ƙara wa kwankonsa tsawo da kamar milimita 3, don kada ya shiga bindigar da aka yi wa ƙaramin. Wannan ƴar tazara ita ce mai gadin ran mai harbi. Shi kuwa maƙerin ƙauye rami yake hudawa ya wuce, dogo da gajere duk su shige. Mai bindiga ya yi murna wai tasa ba ta zaɓen harsashi, alhali mai gadin ne aka kora.

Haka abin yake ga wanda ake ce wa milimita 9: akwai na Turai ta yamma, akwai na Rasha, akwai gajere, sunansu ya yi kama amma ba ɗaya ba ne. Ga maharba masu bindigar tsuntsu kuma, harsashi mai lamba 20 yana zurmawa cikin bututun mai lamba 12 ya maƙale a ciki. Mutum ya duba ya ga babu komai, ya ɗora wani a bayansa, bututu ya fashe a fuskarsa.

Libarba tana da wata matsalar tata. Dole ramin da ke cikin ganga ya tsaya daidai da bakin bututu kafin kunama ta sauka. In ya goce ko da kaɗan ne, dalma ta daki gefen ƙarfe, ɓarɓashi ya fantsama gefe, wato wajen wanda ke tsaye kusa da kai, ɗanka ne ko yaron shagonka. Sassan da ba kamfani ɗaya ya yi su ba da wuya su zauna daidai haka. A Faransa da Beljiyam, a garuruwan Saint-Étienne da Liège, akwai gidajen gwaji da ake harba kowace sabuwar bindiga da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi, in ta jure a buga mata hatimi. Ta maƙeri kuwa, hannun wanda ya saya ne wurin gwajinta.

Sai shi kansa harsashin. Tun rushewar gwamnatin Gaddafi a 2011 makaman Libiya suka watsu cikin Sahel, wasu sun sha rana da ƙura shekara da shekaru, wasu an binne su an tono. Irin wannan yakan yi jinkirin tashi, mai shi ya juyo da baki yana leƙawa. Wani ya tashi da rauni, dalma ta tsaya a tsakiyar bututu, harbi na biyu ya iske ta. In haka ta faru a wani ƙauye bayan Kanembakashe da dare, a kan amalanke ko babur za a ɗauko mutum, kuma aikin ƙashin hannu da ido sai an dangana da Maradi ko Damagaram. Mafi muni, da yawa ɓoye raunin suke yi a gida don tsoron jandarma, har ya ruɓe.

Tsoron nasu yana da tushe. A Nijar ba a riƙe bindiga sai da izinin ma'aikatar cikin gida, kuma ta haɗe-haɗe ba ta da lamba balle takarda. Ƙasar nan tana da hukumar CNCCAI mai tattara haramtattun makamai tun 1994, kuma manyanmu suna tuna wutar zaman lafiya da aka kunna a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000, aka ƙone bindigogi fiye da dubu. Amma in za a faɗi gaskiya, ba za a ce wa mutum ya ajiye makami ba alhali hanyar da yake bi da dukiyarsa ba ta da sintiri. Mahukunta su ƙara jandarmomi a hanyoyin kasuwa ranakun da take ci, kuma likita ya fara dubin mai rauni kafin a fara yi masa tambayoyi.

Iyayenmu mata ƴan kasuwa, ku ma abin ya shafe ku ta wata hanya. Ƴan sandan Najeriya sun sha nuna matan da aka kama da harsasai a cikin kayansu, domin masu safarar sun san ba a cika binciken mace ba. Hajiya, in wani ya ba ki ƙulli a tasha ya ce ki kai wa ɗan uwansa a Gazawa ko Agye, ga jika biyu ki sha ruwa, ki ce ya kwance shi a gabanki. In ya ƙi, ki bar masa kayansa, don a shingen bincike sunan wanda kaya ke hannunsa ake rubutawa.