Tasha a YouTube ba gonar rana ɗaya ba ce

Ƴan uwa matasa, yau maganata da masu buɗe tashoshi a YouTube ce. Daga Maradi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, kullum sai na ga sabuwar tasha. Wani yana magana kan tsadar hatsi, wata kan karatun ƴan mata, wani kan matsalar ruwan sha a unguwarsu. Abin yana burge ni. Amma bayan wata uku sai ka ji shiru, mai tashar ya karaya don mutum 40 kawai suka kalli bidiyonsa.

Mu yi lissafi tun farko. Kafin YouTube ta fara raba kuɗin talla da kai, tana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Awa 4,000 minti 240,000 ke nan. In bidiyonka na minti 10 ne, sai an kalle shi daga farko har ƙarshe sau 24,000. Ko ka kai wurin, kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan ne naka, kuma sai ya taru ya kai dala 100 ta Amurka kafin a biya ka. Sannan masu talla sun fi biya da tsoka kan mai kallo na Amurka ko Faransa bisa ga namu na nan. Ga yanke wuta, ga tsadar intanet: mai kallonka yana lissafin megarsa kafin ya danna.

Ko MrBeast da ake ta misali da shi, a 2012 ya buɗe tasharsa yana ɗan shekara 13, sai a 2017 duniya ta san da shi. Shekara biyar fa!

Abin da ya fi damuna shi ne inda gaggawa ke kai mutum. In kallo bai zo ba, sai a koma ga take na ƙarya, zagi da labarin da ba a tantance ba. Kallo ya ƙaru kwana biyu, mutunci ya zube. Kuma kar mu manta, a watan Yunin 2024 an maido da hukuncin ɗauri cikin dokar laifuffukan intanet ta 2019. Ka je kaso don jita-jita, wallahi asara ce.

Wani zai ce haƙuri ba ya sayen mega. Gaskiya ne. Shi ya sa nake cewa kar ka saki sana'arka ko karatunka don tasha. Ka tsaya kan fanni ɗaya da ka sani, ka fitar da bidiyo ɗaya a sati, ka kula da sauti ya fita sarai. In za ka tura a WhatsApp, tura adireshin bidiyon. In ka tura bidiyon kansa, YouTube ba ta ƙirga wannan kallon.

Ka kuma canza ma'auni. In mutum 200 na unguwarku suka kalli bidiyonka kan famfon da ya lalace, har maganar ta kai kunnen mai unguwa, tashar ta yi aikinta. Muryoyin nan muna buƙatar su nan da shekara biyar. Sannu-sannu ba ta hana zuwa. Allah ya sa mu dace.