Farmasi Ta Auna, Likita Ya Tabbatar

Ɗan'uwa, ciwon sukari yakan shekara a jiki ba ka sani ba, yana ɓata ido, ƙoda da ƙafa. A ganinmu, tare shi aikin mutum uku ne: kai, mai farmasi da likita. In ka haura shekara 40, ko akwai ciwon a danginku, da ka shigo Duwala nemi farmasin da ke awon sukari a New Bell ko Yassa, tun ba ka karya ba. In awon ya kai giram 1.26 a lita, kada ka sayi magani. Kai wa likita sakamakon a asibitin Laquintinie, a sake gwaji. Kafin nan, rage lemon kwalba, ka riƙa tafiyar minti 30 kullum.