Saitin Bindiga Mai Ruwa

Kowane maharbi a ƙasar Bauci, tun daga mai adaka a ƙauyukan Ningi har zuwa sojan da ke gadin ƙofar Barikin Shadawanka, ya san inda ido ya duba daban, inda harsashi ya faɗa daban, sai fa in an daidaita su. Wannan daidaitawa ita ake kira saiti. Jamusawa kuwa suna cikin waɗanda suka fara ɗaukarta da muhimmanci a kan manyan bindigogi, har suka kafa wa bindiga mai ruwa tabarau na hangen nesa tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ita bindiga mai ruwa ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Wani mutum mai suna Hiram Maxim ya ƙago ta a Ingila cikin 1884. Da irinta Kanar Morland ya iso Bauci cikin watan Fabrairu na 1902, ya shiga gari ba a yi faɗa ba, da ita kuma aka yi yaƙin Burmi cikin Yuli na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu. Ta gabas kuma Jamusawa suna riƙe da tasu, wadda Hans Dominik ya karya rundunar Lamiɗo Zubairu da ita a Marwa cikin Janairu na 1902.

Samfurin da Jamus ta tsaya a kansa daga baya shi ne MG 08, watau na shekarar 1908. Bututunta yana cikin wata tukunyar ƙarfe mai cin ruwa kamar lita 4 don kada ya yi ja, daga nan sunan ya samo asali. Jigidarta ta ƙyalle tana ɗauke da harsashi 250, tana kuwa iya zubar da wajen 450 cikin minti guda. Tabaraun da aka yi mata, ZF 12, yana kusanto da abu ninki biyu da rabi, yana da wata ƴar ƙafa da ake murzawa, an zana mata lambobi daga mita 400 zuwa mita 2,000.

Amfanin lambobin nan shi ne, gani a miƙe yake tafiya kamar zaren magini, amma harsashi tun daga fitarsa yake sunkuyawa ƙasa. Saboda haka in abin da za a harba yana nesa, tilas bakin bindiga ya ɗaga sama kaɗan, harsashi ya yi baka, ya sauko daidai inda ido yake kallo. Murza ƙafar nan ita ke gaya wa mai harbi yawan ɗagawar. To, amma lambobin ba su da amfani sai an tabbata tabarau da bututu sun yarda da juna a kan wata tazara sananniya.

Ga yadda masu aikin suke yi. A kafa bindiga a kan ƙafafunta, a danne ta har ta daina motsi, a auna tazara da igiyar awo, a kafa allo. Sa'an nan a saki harsashi kaɗan. Ba a duban rami ɗaya, domin bindiga irin wannan warwatsa harsashi take yi kamar manomi yana yafa iri. Tsakiyar ramukan ake nema. In tsakiyar ta faɗa hagu da inda alamar cikin tabarau take nunawa, sai a gusa alamar zuwa wurin, ba a taɓa bindigar ba. A sake harbi, a sake dubawa, har su haɗu. Aiki ne mai cin rai, ba ya kuma son mai gaggawa, gama kuskuren santimita 10 a mita 100 ya zama mita guda cur a mita 1,000.

Wani abin da akan manta shi ne, an zana lambobin ne don harsashi iri guda. Jamusawa suna da mara nauyi mai kamar giram 10, suna da mai nauyi mai kusan giram 13, bakansu kuwa ba ɗaya ba ne. Har ila yau yanayi yana da nasa hukunci. Iskar bazara ta fi ta sanyin Turai sauƙin ketawa, balle a wuri mai tudu kamar Bauci, saboda haka saitin da aka yi a Spandau zai sa harsashi ya hau sama a nan. Ga kawalwalniya da ke sa abu ya yi ta rawa a cikin gilashi da tsakar rana, ga ƙurar hunturu mai karce shi, ga laimar damina mai sa shi ya yi fumfuna daga ciki.

Sojojin Nijeriya sun ɗanɗana wutar bindigar Jamus a Garwa. A ƙarshen watan Agusta na 1914 Laftanar Kanar Maclear ya tashi daga Yola da rundunarsa, akasarinsu ƴan Arewa, suka faɗa wa ganuwar Jamusawa da dare, har suka ci sansani guda. Gari na wayewa bindigogi masu ruwa suka buɗe musu wuta. Maclear ya mutu tare da wasu hafsoshinsa da sojoji masu yawa, sauran suka koma Yola. Wanda ya daɗe zaune a wuri yana da abin da baƙon dare ba shi da shi: ya san tazarar kowane dutse da kowace itaciya daga bakin bindigarsa. Garwa ba ta faɗi ba sai ran 10 ga watan Yuni, 1915, bayan Cunliffe da Faransawa sun jawo igwa mai cin nisan da bindiga mai ruwa ba ta kaiwa. Kyaftin von Raben kuwa ya riƙe dutsen Mora har zuwa 18 ga Fabrairu, 1916.

A Yaƙin Duniya na Biyu an bar ruwa, aka koma MG 34 da MG 42 masu sanyaya da iska, waɗanda ake sauya musu bututu in ya yi zafi. Tabaraunsu a kan mazaunin bindiga yake, mai harbi yana iya sunkuyar da kai yana gani.

A yau waɗannan bindigogi sun zama kayan tarihi. A Amurka akwai masu tara su, suna zuwa filin harbi suna gwada saitinsu don sha'awa, muddin an yi musu rajista kafin 1986. A Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sa irinsu cikin haramtattun makamai, kuma daidai ne, babu mai hankalin da zai so a sassauta.

Amma ilmin bai tsufa ba, a Bauci ma ya fi ko'ina amfani. A Barikin Obienu ne makarantar sojojin tankokin yaƙi take, a Shadawanka kuma ga rundunar igwa ta 33, dukansu kuwa da gilashi da awo suke aiki. Babbar bindigar da ke bisa motar sintiri tana ratsa kasuwa da unguwa kullum. In saitinta ya goce saboda girgizar hanya, ba a kuwa duba ba, ran da aka harba ta a bakin daji, mita gudan nan na kuskure yana iya zama bukkar makiyayi ko yaron da ke kiwo.

Ƙasar nan ta daɗe tana neman ƙarfe daga masu jin Jamusanci. Kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma shi ya kafa ma'aikatar makamai ta Kaduna cikin 1964, kamfanin Steyr na Ostiriya kuma ya buɗe tasa ma'aikatar motoci a Bauci a ƙarshen shekarun 1970. Abin da ba a cika jin ana maganarsa ba shi ne mutumin da zai kwance tabarau, ya wanke shi, ya mayar da shi daidai. A Jamus irin waɗannan magyara daga garuruwan masu wasa gilashi suka fito, kamar Jena inda kamfanin Carl Zeiss yake, sana'ar da ta samar da madubin likita da na safiyo ita ta samar da na soja. Bauci tana da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, tana da Kwalejin Fasaha ta Tarayya, ga barikoki biyu a gefensu. Ya kamata shugabannin wuraren nan su zauna su buɗe kwas na gyaran kayan gilashi da na awo, a riƙa ɗaukar soja da farar hula tare, tun da asibitoci da ofisoshin safiyo na jihar su ma suna bukatar mai gyara musu nasu.