Zafin Inji da Haƙƙin Mai Sayen Mota

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Damagaram da bazara ya san fargabar direba idan allurar zafi ta doshi ja. Lafiyayyen inji yana aiki wajen digiri 90. In zafi ya zarce haka ƙwarai, ruwa ya tafasa, kan inji ya lanƙwashe. Sau da yawa ƙarancin ruwa ne ko mutuwar fanka, amma wani lokaci aibin tun daga masana'anta yake. To, wa zai ɗauki hasarar?

A Amurka doka ta ba da amsa. Jihar Konetikat ce ta fara, a shekarar 1982, sauran jihohi suka biyo baya. A Kalifoniya, idan sabuwar mota ta koma garaji sau 4 kan babban aibi guda, ko ta wuce kwana 30 wurin gyara, cikin wata 18 ko mil 18,000 na farko, ana ɗauka gyara ya gagara. Sai kamfani ya musanya ta ko ya mayar da kuɗi. Amma hujjar mai mota ita ce takardun gyara.

Nan darasin yake. Yawancin motocinmu tsofaffi ne, cinikinsu kuwa da baki. Muna kira ga hukumomi su wajabta wa dillalai alkawarin gyara a rubuce. Mai saye kuma ya karɓi takardar kowane gyara, da kwanan wata, ya adana. Baki yakan musa, takarda ba ta musu.