Kafin A Ce Taifot Ne, A Tambayi Jini

Duk wanda ya zauna a ƙasar Daura, ko Mai'aduwa ko Zango ko Ɓaure, ya san cewa ciwon ciki mai haɗe da zazzaɓi suna ɗaya gare shi: taifot. Sunan kan riga gwaji isowa. Idan ma an yi gwajin, galibi na Widal ne, wanda wani likitan Faransa ya ƙirƙiro tun 1896, kuma likitoci sun daɗe suna kokawa cewa yakan nuna taifot a jikin wanda ba shi da shi. Mu da muke nazarin harshe mun san haɗarin kalmar da ta haɗiye 'yan uwanta: da zarar an furta ta, an daina bincike.

Daga cikin cututtukan da sunan taifot kan iya lulluɓewa akwai kumburin wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda ke samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Likitoci na ce mata fankiriyas. Wasu masu fassara kan kira ta saifa, alhali saifa daban take. Ciwonta kan soki ƙahon zuci ya ɓulla ta baya, kuma tsakuwar matsarmama na cikin manyan abubuwan da ke jawo shi.

Idan kumburin ya tsananta, wani sashen gaɓar kan mutu, ƙwayoyin cuta daga hanji su samu mafaka a wurin. A nan likita ke shiga tsaka mai wuya, domin zazzaɓi kan zo ko da ƙwayoyin ko babu su. Ya ba da maganin kashe ƙwayoyi babu dalili, ya ƙara wa ƙwayoyin jiki taurin kai. Ya yi jinkiri, rai na iya salwanta. Tsohuwar hanya ita ce a reni ƙwayoyin daga jini a ɗakin gwaji, aikin da kan ci kwanaki, kuma yakan fito wayam idan majiyyaci ya riga ya sha kafso a kemis, kamar yadda muka saba.

Sabuwar dabarar ba ta jiran ƙwaya ta tsiro. Ɓurɓushin DNA da ƙwayoyin ke zubarwa cikin jini ake tattarawa, na'ura ta karanta, ta faɗi sunan mai shi, tamkar mai bin sawu. Masu bincike a Sin sun jarraba ta kan masu wannan ciwo. Tana da tsada ƙwarai, kuma takan gano ƙwayar da ba ita ce mai laifin ba, don haka ba ta maye gurbin likita.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya fi ƙarfinmu. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, DNA take karantawa ta gano tarin fuka cikin kimanin awa biyu, kuma tana aiki a asibitocin Nijeriya. A watan Afrilun 2020 kuwa, gwajin dangin wannan ne ya tabbatar da ɓullar korona a Daura har aka kulle garin.

Ba na cewa a sayo sabuwar na'urar gobe. Tunda Daura ta samu Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, a fara da tabbatar da cewa renon ƙwayoyi daga jini yana aiki kullum, da lantarki da ƙwararru, a farashin da manomin Sandamu zai iya biya. Sassan Hausa na jami'o'inmu kuma su zauna da likitoci da mahauta, a tsayar wa wannan gaɓa suna ɗaya.