Kwalin Sabulu Bai Mayar da Aji Kasuwa Ba

Akwai wata magana da ke yawo a bakin wasu masu duba makarantu, har ta fara kama wasu shugabannin makarantu. Wai malamin da ya shiga aji da kwalin sabulu, ko ledar taliya, ko hoton allon talla don koyar da Turanci, ya mayar da aji kasuwa. Wasu ma a rahoto suke rubutawa cewa malamin "bai bi littafi ba". Irin wannan rubutu yana iya bin malami har ranar ƙarin girma, don haka shiru bai kamace mu ba.

Da farko, wane littafi? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta lissafa littattafai da kayan koyarwa cikin abubuwan da za a ba yaro kyauta. Duk wanda ke riƙe da alli a cikinmu ya san yadda wannan alkawari ya ƙare: littafin Turanci guda a gaban yara biyar ko shida, wani ajin ma sai na hannun malam kaɗai, shi ma bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi. Mai duba makarantar ya ga haka da idonsa kafin ya zaro biro. Bai rubuta sunan wanda ya hana littafin ba, sai na wanda ya nemi mafita.

Amma ba na son a ɗauka cewa rashin uwa ne ya sa muka yi uwar ɗaki. Ko da kowane yaro na da littafinsa, da na ci gaba da kawo talla aji. Yaronmu ba ya jin Turanci a gida, ba ya jin sa a wurin wasa. Inda yake cin karo da shi kullum shi ne jikin gwangwanin madara, katin waya, bayan Keke Napep da allunan bakin titi. Harshen talla kuma gajere ne, mai maimaici, ga hoto a gefe yana fassara shi. Manhaja ta ce a koyar da jimlar umarni a firamare. To, ga buy, drink, call, save a manyan haruffa, yaro ya gan su sau ɗari kafin ya zo aji. Ta ce a koyar da sifa da darajojinta. Mai talla ba ya taɓa tsayawa a good, kullum yana kan better da best, cleaner da cleanest. Darasin da ke cin mako guda ana hadda a kan allo, da kwalaye uku a kan tebur sai ka ga yaran sun fara gano ƙa'idar da kansu. Bayan haka a raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ƙirƙiri tallar ƙosai ko ta fura da nono cikin jimla uku, ya fito gaban aji ya faɗa. Magana, sauraro, karatu da rubutu duk sun samu cikin darasi ɗaya, kuma ba a kashe ko kwabo ba.

A nan ne ake ganin abin da masu rahoto ba sa tsayawa su gani. Yarinyar da ke zama a bayan aji tana gyangyaɗi, saboda ta yi tallar koko tun asuba, ita ce gwanar wannan darasi. Ta san yadda ake kiran mai saye, ta san yabon kaya, ta san lissafin canji. Ba ina yabon ɗora wa yara talla ba ne, mu ne muka fi kowa sanin yawan 'yan matan da farantin talla ya raba da aji. Amma ranar da abin da ta iya ya zama abin tafa mata a makaranta, ranar ce take fara jin cewa ajin nata ne ita ma.

Hujja ɗaya ce ta masu suka nake girmamawa: talla ba ta faɗin gaskiya duka, wata ma ba ta dace da idon yaro ba. Haka ne. Babu malamin kirki da zai kawo tallar caca ta ƙwallo ko ta man sauya launin fata gaban yara, zaɓe aikinmu ne. Sai dai rufe ƙofar aji ba ya sauke allunan da ke hanyar gida. Yaron zai gan su, da mu ko ba mu. Abin da ya rage shi ne ya gan su da ido buɗe. A aji biyar da shida ina sa yara su juya kwali su nemo lambar NAFDAC da ranar da kaya zai lalace. Ina nuna musu babban free da ke saman takarda, sannan mu sauka tare zuwa ƙananan haruffan da ke ƙasa, inda sharuɗɗan suke ɓoye. Ina tambayarsu: wa ya ce wannan ne best, mai kayan ko mai saye? Yaron da ya koyi wannan tambaya zai karanta wa mahaifiyarsa kwalin magani kafin ta sha, kuma saƙon waya mai cewa ya ci miliyan ba zai ruɗe shi da sauƙi ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin wannan reshe da su sa maganar cikin ajandar zama na gaba da hukumar ilimi. A daina rubuta wa malami laifi don ya yi amfani da kayan da ya samo a muhallinsa, abin da aka koya mana tun a kwalejin ilimi, aka kuma ba mu maki a kansa lokacin koyarwar gwaji. Mai duba darasi ya zauna har a kaɗa ƙararrawa, ya tambayi yara abin da suka koya, sannan ya yi hukunci. A wannan zaman kuma a tambaye su ranar da littattafan da doka ta ambata za su iso.